Shekarar da Nake Rabon Burodi

Ni ne kalandar gidanmu, kuma ba da wasa nake faɗa ba. Tun da na ajiye makaranta a aji biyu na sakandare na yi aiki iri goma sha ɗaya, da su kuma ake ƙirga lokaci a gidan. Ka tambayi Umma yaushe aka gyara rufin ɗakin baya, ba za ta ce maka shekara kaza ba, cewa za ta yi, "Lokacin Auta yana wankin mota." Baba ya bar tuƙin bas ina koyon walda. Firjinmu ya mutu ina gadi. Shi ya sa Baba ke kirana Injiniya, wai babu fannin da ban taɓa ba, babu kuma wanda na ƙarasa.

Yanzu ina shagon gilashi da tagogi, wata na huɗu ke nan. Ran wata Litinin na manta tef ɗin awona a gida, na dawo ɗauka da hantsi, sai na tarar da baƙuwa a falo. Ma'aikaciyar lafiya ce daga ƙaramin asibitin unguwa, da farar riga da 'yar kwamfuta a cinya. An kwashe mata yaduka daga kan kujera ta zauna. Umma tana kan keken ɗinkinta, ko ƙafa ba ta tsayar ba. Kayan makaranta take ɗinkawa, sana'arta ke nan, ga shi hutu saura mako guda ya ƙare, aiki ya taru mata har wuya. Baba yana bakin ƙofa da rediyonsa, yana yi kamar ba ya ji.

Malamar ta ce ran Alhamis likita mace za ta zo da na'ura, za a yi wa mata gwajin sankarar mama da ta mahaifa. Gurbin ba yawa, don haka duk wadda aka yi wa cikin shekara uku da suka wuce sai ta bar wa wasu. Ran Laraba da tsakar rana za a rufe sunaye.

"Mama, yaushe rabonki da gwajin?"

"Bara," in ji Umma, tana yanke zare da haƙori.

"Kin tabbata? Don a layin nan kaf, duk gidan da na shiga bara aka je. Da gaskiya ne, da bara ba mu samu wurin taka ƙafa a asibiti ba."

Umma ta yi dariya. "Su dai ban sani ba, 'yata, amma ni na je. Ga ma wanda ya kai ni nan. Auta, ba kai ka goya ni a babur ɗin gidan burodi ba? Kwana biyu mayafina na ƙamshin burodi. Ɗaki ne mai koren labule, matar kuma hannunta sanyi kamar ƙanƙara."

"Na kai ta," na ce, don na kai ta ɗin. Hankalina yana kan tef da fuskar Oga.

"Katin fa, Mama?"

"Yana cikin gidan nan, sai dai a nema."

Malamar ta danna wani abu a kwamfutarta, ta ce to an cire Umma a wannan zagayen. Sai ta juya wajen ƙofa. "Baba, kai fa? Yaushe aka auna jininka?"

"Ni? Duk wata."

"A ina?"

"Wurin abokina mai kemis."

"Shayi yake zuwa sha," in ji Umma ba tare da ta ɗago ba. "Abin awon ma batirinsa ya mutu tun Auta na gyaran waya."

Baba ya ƙara wa rediyo murya. Ni kuma na ɗauki tef ɗina na fice.

Yankan gilashi ba ya son mutum da tunani biyu. Ka ja layi sau ɗaya, ka ɓalle, shi ke nan. Ranar sai da na ja layi biyu a kan gilashi ɗaya, ya tsage ta inda ya ga dama. Oga ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Kai, gangar jikin ce kawai ta dawo da tef ɗin?"

Maganar burodin nan ce ta tsaya mini a rai. Na ɗauki alƙalamin maka da guntun gilashin da na ɓata, na fara rubuta ayyukana daga ƙarshe zuwa baya. Gilashi wata huɗu. Gyaran waya wata goma. Gadi wata biyar, zama wuri ɗaya ne ya kore ni. Fenti shekara ɗaya da rabi, nan na fi daɗewa saboda kullum sabon gida ake zuwa. Wankin mota shekara guda. Walda wata takwas, lodin kaya wata takwas, zaman gida wata uku ina cin zagin Baba. Sannan burodi. Na haɗa, na goge, na sake haɗawa. Shekara shida ba wata huɗu.

Da wani abu ne daban da na yi dariya na wuce. Amma Inna, ƙanwar Umma uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku da suka wuce aka yi mata aiki aka cire mama ɗaya, don ba a gano abin da wuri ba. Tana nan da ranta, har ƙiba ta yi, amma mun ga abin da ta gani. Likitoci sun ce ta gaya wa 'yan'uwanta mata su riƙa zuwa gwaji. Na tuna sarai abin da Umma ta ce a lokacin. Cewa ta yi, "Ai ni na yi bara." Wato barar nan tafiya take da ita, kamar jakar hannu.

Matsalar ita ce ta yaya ɗa namiji zai buɗe baki ya yi wa mahaifiyarsa irin wannan magana. Da na tashi aiki da yamma na shigo na yi ta zagaye a falo. Na gyara zaman almakashi. Na tattara ƙyallaye. Na zuba mai a keke ba a sa ni ba.

"Auta, an kore ka ne?"

"A'a."

"To kai za ka bari ke nan. Baban Auta, zo ka ji, Injiniya zai canja fanni."

"Ba haka ba ne, Umma. Maganar da baƙuwar nan ta zo da ita ce. Gwajin nan. Na mata."

Ta dube ni ta saman kafaɗa. "Ikon Allah. Yaron nan ka san da wa kake magana kuwa?"

"Ba bara ba ne, Umma."

"Bara ne."

"Gidan burodin ma an rufe shi. Shagon aski ne yanzu."

"To bara aka rufe."

"Mai askin har ya yi aure ya haifi biyu."

"Tagwaye ne ƙila."

Baba ya kashe rediyo ya jawo kujera, ya ga abin da ya fi labarai daɗi. Na fito da guntun gilashina na fara karanto ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Umma ta ce ita ba ta san lissafin gilashi ba, abin da ta sani shi ne ta je, kuma ba a daɗe ba, don har yanzu tana jin sanyin hannun matar nan. Keke kuma na ta tafiya, tana tura wata 'yar ƙaramar riga shuɗiya a ƙarƙashin allura.

Rigar ce ta ba ni hanya.

"Umma, da muka taso daga asibiti ranar, gida muka zo kai tsaye?"

"A'a, mun biya gidan yayarka. Ka manta? Tana jin ƙamshin burodi ta ruga bayan gida tana amai. A ranar na gane tana da ciki, ita kanta ba ta sani ba."

"Cikin wa?"

"Cikin wa kuwa in ba takwarata ba."

"Wannan rigar ta wace ce?"

Ƙafar Umma ta tsaya. Rigar takwararta ce, 'yar Yaya, wadda za ta shiga aji ɗaya ran Litinin mai zuwa. Umma da kanta ta auna ta, ta ce yarinyar ta yi tsawon ƙafa irin na ubanta. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta sake duban rigar. Baba ya tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Cikin bara ya shiga makaranta! Kai, jikata akwai saurin girma."

"Kai dai yi shiru, mai awon shayi," in ji Umma. Ta gyara zama. "To, shekara biyar. Sai me? An dai yi, an ce lafiya lau. Ni babu inda ke mini ciwo. Riga talatin da ɗaya ke jirana kafin Litinin, ba ni da ranar da zan zubar a benci."

Ta miƙe ta koma kan teburin guga, alamar an rufe magana. Akwai wani ɗan kwali da take amfani da shi wajen yin aljihu. Sai ta ɗora shi a kan ƙyalle, ta naɗo gefuna a kansa, ta bi da dutsen guga, aljihu ya fito daidai wa daida. Na ga kwalin nan ya fi sau dubu. Ya yi ruwan ƙasa saboda zafi, an yanke kusurwoyinsa biyu sun zama zagaye. Ranar ne kawai na lura akwai hatimi a bayansa.

"Umma, ba ni kwalin nan in gani."

"Kar ka lanƙwasa mini, da shi nake cin abinci."

Katin asibitin ne. Sunanta ya tafi da almakashi, amma kwanan wata yana nan, kuma ya yi daidai da lissafin gilashina. A ƙasa akwai gida uku. Na farko nauyi, an rubuta. Na biyu awon jini, an rubuta. Na uku, inda aka sa gwajin mata, babu ko ɗigon biro.

Na daɗe ina kallon gidan nan da babu komai, sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya. Na ajiye Umma a ƙofar asibiti, akwatin burodi cike a bayan babur, shaguna tara suna jirana. Mai gidan burodi ya kira ni sau uku. Rana ta fara taɓa ledojin, suna gumi. Ban yi rabin awa ba na fara danna hon. Na danna, na danna, har mai gadi ya zo ya yi mini faɗa. Can sai ga Umma ta fito da sauri tana gyara mayafi, ta ce, "An gama, mu tafi." Ban tambaye ta komai ba. Bayan mako biyu kuma na bar aikin da kaina, a kan wata 'yar gardama da ban ma tuna ta ba.

"Ni na danna hon," na ce.

Umma ta karɓi katin ta kai shi kusa da taga. Ta daɗe. Sannan ta zauna a bakin teburin.

"Layin ya yi tsawo," ta ce a hankali. "Mata sun kai ashirin a gabana. Na ji hon ɗinka, na ce kar yaron nan ya rasa aikinsa saboda ni, gobe na dawo. Wallahi Auta, ni kaina na ɗauka na koma."

"Koren labulen fa?" in ji Baba. Yanzu ba dariya a muryarsa.

Umma ta ajiye katin a cinya. "Na ɗakin da aka duba Inna ne. Ni na raka ta. Hannun ma ita ta ce mini da sanyi."

Dutsen guga ya fara ƙauri, na zare shi daga wuta. Sai Umma ta ce riguna fa, wa zai yi su. Baba ya ce shi zai sa maɓallai, ai ba su fi tayar bas wuya ba. Umma ta ce in zai sa maɓalli to a rubuta sunansa shi ma a auna jinin nan a wurin da ba a dafa shayi. Ya ce an zo wurin. Ta ce an zo.

Washegari lokacin hutun rana na tafi asibitin da katin a aljihu. Malamar ta juya shi gaba da baya.

"Wannan kati ne ko aljihun riga?"

"Duka biyun."

Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta share ido, sannan ta buɗe kwamfutarta ta mai da sunan Umma. Gurbi huɗu suka rage. Ta ce ita ta san ba ƙarya mutane ke mata ba. Mutum zai yi niyyar zuwa, ya yi ta niyya, bayan shekara uku niyyar ta zama ya je. Wani kuma a auna nauyinsa kawai ya tafi yana cewa an duba shi tun daga kai har ƙafa. Sai ta tambaye ni ko maƙwabta ma sun san ayyukana. Na ce duk layin sun sani, ai da ni ake yi wa yara faɗa.

Da yamma sai ga ta a layinmu, tana bi gida gida da sabuwar tambaya. "Lokacin da kika je gwajin, wane aiki autan mai ɗinki yake yi?" Matar mai kanti ta ce walda. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ta ce ai lokacin ma yana makaranta. Kafin Laraba gurbin nan uku sun cike. Baba ya ce ashe gantalina aikin gwamnati ne, a nema mini farar riga.

Saura Oga. Ran Alhamis ɗin muke da sa tagogi a wani gida mai bene, aikin mutum biyu ne. Na same shi yana gyara firam, na tsaya ina murza hula.

"Oga, ina neman izini ran Alhamis. Zan kai mahaifiyata asibiti."

Ya ajiye sukurdireba. "An ce mini aiki goma ka bari ko sallama babu. Yau kai ne da neman izini?"

"Ni ne."

"Awa nawa?"

"Ban sani ba. Sai an gama."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya zaro makullin babur ɗin shago ya jefo mini. Ya ce tagogin ba gudu za su yi ba, in gaida ta.

Ran Alhamis da sassafe muka isa. Baba aka fara aunawa, aka ce jinin ya ɗan hau, aka rubuta masa magani da ranar dawowa. Ya ce na'urarsu ce ba ta san shi ba. Ya koma gida wajen maɓallansa. Ni kuma a ƙofar sashen mata na kashe wayata, na zare makullin babur na sa a jakar Umma.

"Na mene ne?"

"Riƙe kawai. Babu makulli babu hon."

Ban taɓa sanin awa huɗu na da tsawo haka ba. Ni da gadi ya gagara saboda zama. Na ƙirga fankokin silin, shida ne, biyu ba sa juyawa. Na karanta duk takardun da aka manna a bango, har da na wanke hannu. Na ga wata taga da gilashinta ya tsage, na fito da tef na auna ta, na rubuta a tafin hannu. Ƙafata ta yi ta rawa har wani tsoho da ke kusa da ni ya tambaya ko ni ne mara lafiyar. Sau biyu Umma na leƙowa daga layi.

"Auta, ka gaji ko? Mu tafi, na dawo wani lokaci."

"Umma, ko kwana za a yi ina nan."

"Ogan naka fa?"

"Ya ce in gaida ki. Koma kar a shige gabanki."

Matan da ke layin suka yi dariya, ɗaya ta kamo hannunta ta mai da ita.

Sai da rana ta take tsaka Umma ta fito, da sabon kati fari tas a hannu. Na miƙe ina duban fuskarta.

"Babu ma labule," ta ce. "Ƙofa ce. Hannun matar kuma da ɗumi."

Iya abin da ta gaya mini ke nan, ni ma ban tambaya ba. A bakin Yaya na ji sauran. An ga wani ɗan abu a gwajin mahaifa. Likita ta ce ba sankara ba ce, amma irin abin da ba a so a bari ya yi shekaru ne. Ran Talata Yaya ta raka ta aka cire, aikin bai kai awa ɗaya ba, aka ce ta dawo bayan shekara. Yaya ta ce da likitar ta ji labarin hon sai ta ce a gaida mai burodi. Inna ta zo ta kwana biyu, suka yi ta hira a ɗaki suna dariya, ta ce wa Umma ta mai do mata da labulenta.

Riguna sun fita a kan lokaci. Uku ne kawai aka dawo da su, duk maɓallan Baba, ya sa su ba a saitin ƙofofinsu ba. Takwarar Umma ta tafi makaranta cikin shuɗiyar rigarta, da aljihu daidai wa daida.

A shago na samu ragowar alminiyom na yanka wa Umma sabon ma'aunin aljihu, na goge gefunan don kar ya ci ƙyalle. Sabon katin kuma na yi masa firam da gilashi, na buga ƙusa na rataye shi a bango saitin keken ɗinki, inda almakashi ba zai kai ba. Oga ya ga firam ɗin ya ce kusurwa ɗaya ta karkace, amma ba laifi. Tagar asibitin nan ma mun je mun canja ta.

Umma ta tsaya a gaban katin tana kallo, hannu a ƙugu.

"Shekara ɗaya aka ce. Auta, wane aiki za ka kasance kana yi a lokacin, in riƙe?"

"Gilashi."

"A'a, baɗi nake nufi."

"Gilashin dai."

Baba ya sauke rediyo daga kunne. "Shi ke nan, mun shiga uku. Kalanda ta tsaya."

"Sai ku koyi karanta ta bango," na ce. Na ɗauki tef ɗina, na duba aljihu na tabbatar yana ciki, na fita, don Oga ya ce ƙarfe takwas.